Gungumen da Ya Ci Sunan Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Mama da duk masu shige da fice a shagonmu. Ni ma lafiya lau, sai gajiyar aiki. Har yanzu ina ɓangaren ɗaure kwalaye, a tsaye tun safe har yamma, amma an canja mana shugaba, kuma wannan ta fi waccan sauƙin kai.

Na san za ki ce me ya kawo takarda alhali muna waya. Ai kin san halin Mama da waya: ba ta yarda ta kara a kunne, sai an buɗe murya kowa ya ji, har mai jiran ɗinki ya sa baki. Wannan maganar ba ta gabanta ba ce, shi ya sa na ba direban motar kayan nan da ke bi ta layinmu.

Yaya, ashe ciwon bayan Mama ya kai haka, ba wanda ya gaya min? A bakin Kawu na tsinta. Ya kira ni kan wata magana daban, can sai ya ce yanzu ko ɗankwali sai da dabara take ɗaurawa, don hannu ba ya ɗaguwa saboda ciwon tsakanin kafaɗu. Na ce masa e haka ne, kamar na sani, don kunya. Kawu da ke leƙo ku jefi-jefi ya san halin da uwata ke ciki, ni ban sani ba. In na tambaye ta sai ta ce, "Lafiya lau, ga yayarki," ta miƙa miki wayar. Abin ya tsaya min a rai.

To ga abin da nake so in yi. A wurin aikinmu akwai wani ɗan ɗaki da aka shimfiɗa wa tabarmar roba, masu ciwon baya na shiga lokacin hutu. A ciki akwai wani abu da suke kira rola. Gungume ne na soso, zagayayye kamar guntun bututu. Mutum ya kwanta a kansa ta baya, ya riƙa turawa da ƙafa, shi kuma yana mirginawa a ƙarƙashinsa yana murza naman bayan. Na gwada. Ranar farko ji na yi kamar an tattaka ni, amma yanzu ina waiwayawa ba tare da na juya dukan jikina ba.

Na je shagon da ake sayarwa, na tarar iri uku ne. Akwai mai laushi, wanda in kin danna da yatsa yake lotsawa. Akwai mai tauri sumul. Akwai kuma mai gargada kamar tayar babur. Mai shagon ya ce mai laushin ya fi daɗi ga sabon shiga, sai dai ba ya daɗewa yake bajewa. Mai taurin ya fi isa ciki, amma da farko da zafi. Na tsaya ina juya su na rasa wanda zan ɗauka, don rabona da taɓa bayan Mama tun kafin in taho.

Ke kika san shi. Ki gaya min daidai inda ke mata ciwo, da irin dannar da take iya ɗauka. In Allah ya sa abin ya karɓe ta, kin ga ke ma kin huta da tausar nan ta kullum.

Ki gaida mai shagon takalma da iyalinsa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Direban ya miƙo min ita ta bayan shago yana waige-waige, kai ka ce kayan sata ya kawo. Muna lafiya. Mama na kan kekenta, aikin kayan 'yan makaranta ya taso, ko'ina ka taka zare ne. Mai shagon takalma yana amsawa, matarsa ta sauka lafiya, an samu mace. Ki yi haƙuri da rubutun, babban yatsana na ɗan damuna, aikin almakashi ne.

Na ga inda kika rubuta "uwata". Ba ki yi ƙarya ba, taki ce. Ni ƙanwarta ce ta haife ni, ta rasu ta bar ni ina rarrafe, Mama ta ɗauke ni ta goya tun ba a san za a yi ki ba. Ban taɓa mantawa ba, ba sai an tuna min a takarda ba. Maganar ciwon kuwa ita ta hana a gaya miki. Ta ce kina can ke kaɗai, kada a ƙara miki nauyi. Ki yi faɗan da ita.

Sai maganar hutu. Wa ya ce miki na gaji? Tunda ba kya nan, bari in gaya miki yadda tausar take. In yamma ta yi muka sallami na ƙarshe, sai in jawo ƙofar shago zuwa rabi, in kwashe yadi daga kan teburin yanka, ta hau ta kwanta rub da ciki. In zuba mai a tafin hannu in murza ya yi ɗumi. Kin san Mama ba ta hira in tana kallon mutum. To in fuskarta na ƙasa, bakinta buɗewa yake. A nan nake jin wanda ya ɓata mata rai yau, da mafarkin da ta yi, da ɗinkin da ta ɓata tana budurwa ta ɓoye a ƙarƙashin katifa. A nan kaɗai take ambaton uwata: yadda take dariya har ta zauna a ƙasa, da yadda ba ta iya zura zare a allura sai ta fito da harshe. Ni ban san fuskarta ba, Auta, sai abin da nake tsinta a kan teburin nan. Wannan ne kike so in huta da shi.

Amma kin yi tambaya, ga amsa. Ciwon yana dama, tsakanin allon kafaɗa da ƙashin baya, wajen da ke ɗaurewa in ta duƙa tana tura yadi ƙarƙashin allura. Akwai wani ƙulli a wurin, in kin danna sai ya zille. Na kai ta asibiti, likita ya ce ba ƙashi ba ne, tsoka ce ta gaji da duƙawa, ya ce ta riƙa miƙa jiki. Ba ta son shafa-shafa. In na sassauta hannu sai ta ce, "Ke tausa kike ko ƙura kike kakkaɓe min?"

Don haka ki sayo mai taurin. Kuma ba zan ɓoye miki ba, da biyu na zaɓa. In ya yi mata zafi ta wurga shi bayan kabad, ni ko a jikina.

Ki riƙa cin abinci. A hoton da kika turo wuyanki duk ya fito.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya, da fatan ku ma haka. Barka da ƙaruwa ga maƙwabta.

Wallahi ban rubuta kalmar nan "uwata" don in soke ki ba, haka ta zo a alƙalami. Amma tunda kin karanta ta da wannan idon, me zan ce? Ga kayan nan dai a kwali, ni na ɗaure shi da kaina, aikina ne.

Na bi maganarki, mai taurin na ɗauka, amma sumul ɗin. Sai da na kwanta a ƙasan shagon mutane na gwada su ɗaya bayan ɗaya, masu sayayya suna tsallake ni. Mai gargadan da ya shiga tsakanin kafaɗuna sai da hawaye ya zo min, na ce a'a, ba da bayan Mama ba, ko da ke kin so hakan. Na zaɓi dogon, don ta iya kwanciya a kansa a miƙe, daga ƙeya har ƙugu, ta baza hannuwa ƙirjinta ya buɗe.

Ga yadda za ta yi. Ta zauna a kan shimfiɗa, a sa shi a gicciye a bayanta daidai allon kafaɗa. Ta tallafe ƙeya da hannu biyu, in hannun bai kai ba ta rungume ƙirji, ke ki riƙe mata kan. Ta lanƙwashe gwiwa ta riƙa turawa da ƙafa a hankali, sama kaɗan, ƙasa kaɗan. Kada ya hau wuya, kada ya sauka kan ƙugu. In ta zo kan ƙullin nan ta tsaya ta ja numfashi har ya saki. In sauka ƙasa ya yi mata wuya, ta jingina shi da bango ta yi a tsaye. Zafin tausa daban, zafin da ke soka daban. In ya soka, ko hannu ya mutu, a daina a koma wa likitan.

Ki ce mata daga ni ne. Na san za ki faɗa, amma ina so ki faɗa da kyau, ba a tsaitsaye ba. Kuma don Allah ki rubuto min abin da ta ce da ta buɗe, kalma da kalma.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Muna lafiya, kayan 'yan makaranta sun fita, saura na wata makaranta ɗaya da suka canja launin wando bayan mun yanka.

Ki zuba ruwa a ƙasa ki sha, kin ci. Kin ce kalma da kalma, to ga su. Ta buɗe kwalin, ta juya shi, ta shinshina, ta ƙwanƙwasa shi a teburi ta ce, "Wannan ai matashin mugunta ne." Na ce daga Auta ne, kuma na faɗa da kyau. Na shimfiɗa mata bargo, ta kwanta, na riƙe mata kai. Turawar farko ta ce wayyo Allah. Ba zan yi miki ƙarya ba, raina fari ƙal a lokacin, har na fara duba inda zan ajiye shi a bayan kabad. Sai wani abu ya yi ƙas a bayanta. Ta lumshe ido, can ta ce, "Bari in sake."

Cikin 'yan kwanaki ta ɗaura ɗankwali da hannu biyu, ta tsaya gaban madubi tana sakewa tana ɗaurawa don in gani. Yanzu ko kan ba ta bari in riƙe mata, hannunta ya kai. Ta raɗa masa suna. Auta take ce masa. "Ina Auta?" "Wa ya jingina min Auta kusa da dutsen guga?" Wata mata ta zo karɓar ɗinki ta ji ana cewa Auta na ƙarƙashin teburi, ta yi ta barka da dawowarki.

Kin tuna guntun yadin nan shuɗi mai ratsin zinariya da ke saman kabad, wanda na daɗe ina roƙo in yi ko da hannun riga ne, tana cewa bai kai ba? Ya kai yanzu. Ta ɗinka masa riga da shi, har da zif da 'yar igiyar ratayewa. Duk wanda ya shigo sai an nuna masa, a ce 'yata ce ta aiko daga wurin aikinta. Mai shagon takalma da tumbinsa sai da aka kwantar da shi a kai, ya tashi yana shi miki albarka.

Ranar da na gane inda aka dosa, yamma ta yi, na jawo ƙofa zuwa rabi, na kwashe yadi, na zuba mai a hannu. Sai ta ce, "Bar shi, miƙo min Auta." Na tsaya da mai a tafin hannu ban san inda zan kai shi ba, ƙarshe a gwiwata na shafe. Washegari haka. Yanzu na daina buɗe kwalbar ma. In ta kwanta a kansa sai ta ce in je in share gaban shago. Ina sharar ina jiyo ta tana masa magana ƙasa-ƙasa, in na shigo ta yi shiru. Rabon da in ji zancen uwata a bakinta tun ranar da kwalinki ya iso.

Kishi nake, Auta, na faɗa. Da girmana ina kishi da guntun soso. In na wuce shi a rataye da rigarsa sai in ji kamar in sa masa almakashi. Kina can nesa, ko gumi ba ki yi ba, da aike ɗaya kin karɓe abu ɗaya tak da nake da shi a gidan nan wanda ba na aro ba.

Akwai wata mai kawo mana ɗinki da ke aiki a masana'antar riguna a wani gari. Ta daɗe tana ce min suna neman mai yanka, kuma suna ba da ɗaki. A da ko saurarenta ba na yi. Wannan karon na tambaye ta yadda ɗakin yake.

Hannun ya ƙi, zan tsaya nan.

Yayarki

*

Auta,

Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. A waya na ji muryarki garau, kina tambayar Mama ko tana yin na bangon, don haka na san ba ciwo ba ne. Na zuba ido direban ya wuce har na gaji. Na gane, kin samu abin da kike so, sauran surutuna ne.

Na je na ga masana'antar. Na ce wa Mama zare zan saro. Ɗakin ƙarami ne, gado biyu, taga ɗaya, amma da tsabta. Sun gwada yankana sun ce in fara farkon wata. Ban gaya mata ba tukuna, ina neman bakin da zan fara. Ba za ta rasa mai yanka ba, a layin nan ma akwai masu nema. Baya kuma kin riga kin gama da shi.

In za ki aiko wani abu nan gaba, ki rubuta sunanta a kai, don ba lallai ki same ni ba.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, in za a kira wannan lafiya. Motar direban ce ta lalace a hanya, takardarki ta labarin buɗe kwalin ta yi ta kwana a aljihun ƙofar mota har ta bayanta ta tarar da ita. Tare ya miƙo min su jiya a bakin ƙofar ma'aikata. Na karanta a tsaye, na shiga na ɗaure kwali uku babu kaya a ciki, sai da shugabarmu ta ce in je in zauna.

Kin ce na ci. Bari in gaya miki abin da na ci. Ranar da kika ce kin tafi saro zare, Mama ta kira ni. Ita da kanta, ba ke kika danna mata ba. Ta ce, "Yayarki ba ta nan, bari in yi sauri." Yaya, tun da na taho ba ta taɓa nemana ni kaɗai ba. Na fita bayan sito na zauna a kan kwali, na ce yau dai uwata za ta yi hira da ni. E, na sake rubuta kalmar, ki yi yadda za ki yi da ita.

Kin san abin da ta ce? Ta ce, "Wannan abu naki, akwai ƙaraminsa na hannu?" Na ce hannun wa? Ta ce naki, Yaya. Ta ce ta daɗe tana ganinki in kin gama tausa kina shiga bayan labule ki tsoma babban yatsa a ruwan ɗumi, kina cije leɓe. Ta ce gindin yatsan ya kumbura, in kin ɗauki almakashi sai kin yarfe hannu. Ta ce, "In na ce mata ta bari don hannunta, cewa za ta yi ba komai, ta ƙara dannawa. Kin san taurin kanta. Shi ya sa nake zuga abin nan naki fiye da kima, don ta sakar min baya hannun ya huta." Na ce to Mama ba ya miki amfani ne? Ta ce yana yi sosai, amma bai san inda zai tsaya ba sai ta nuna masa. Daga nan ta ce Allah ya yi min albarka, na ceci hannun yayata, ta ce kada in kuskura in gaya miki, ta kashe. Ko ta tambaye ni na ci abinci ba ta yi ba.

To kin ji. Ni na kwanta a ƙasan shagon mutane, ni na ɗaure kwalin, amma ke aka saya wa. Na aiko shi ne don in samu ɗan wuri a ɗakin nan da kuke ku biyu, ashe ko shi ma hidimarki ya je yi. Ke kin san ƙullin bayanta da mafarkinta da ɗinkin da ta ɓoye a ƙarƙashin katifa. Ni sai a takardarki na fara jin labarin. Ni abin da nake samu "lafiya lau, ga yayarki". In kishi ne, ki matsa min in zauna, na riga ki.

Kuma ki daina ce min aro. Ni kaɗai Mama ta haifa, amma tun ina zanin goyo Auta take kirana. Kin taɓa tsayawa kin tambayi kanki autar wa? Ai da ta fara lissafi, daga kanki ta fara.

Na karya mata alkawari don na ga kina shirin haɗa kaya. In aikin masana'antar kike so don kanki, ki tafi, ba zan hana ki ci gaba ba. Amma in don gungumen nan ne, wallahi sai in ɗauki hutu in zo in ƙona shi a gabanki, sannan mu yi faɗan da muka daɗe ba mu yi ba.

Ki nuna wa likita yatsan nan.

Auta

*

Auta, ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na je asibiti, sun ɗaure min yatsan da wani abu mai kama da safar hannu, sun ce in rage almakashi na ɗan lokaci. Mama ce ke yanka yanzu, ni ina kan keke, duk mun koma baibai.

Da na karanta takardarki haushi na fara ji, ba daɗi ba. Wato duk wannan lokacin tausayina ake ji, ni kuma ina ta hura hanci da soso. Da yamma ta yi na jawo ƙofa, ta ce in miƙo mata Auta, na miƙa. Maimakon in ɗauki tsintsiya sai na zauna a ƙasa kusa da ita na ce, "Mama, masana'antar riguna sun ɗauke ni, farkon wata zan tafi."

Ba ta tashi ba. Tana kwance a kansa, idonta a kan rufin shago, ta ce, "Zaren da kika je sarowa ke nan." Na ce e. Ta ce, "In don ki ƙaru ne, na sa miki albarka, ni zan haɗa miki kayan. In kuma wani abu aka yi miki, faɗa min." Na ce ba a yi min komai ba, na ga dai ba a buƙatar hannuna ne. Ina faɗa ina jin yadda maganar ta yi kama da ta yara, amma ta riga ta fita.

Sai ta mirgina ta dafa teburi ta miƙe, ta suri gungumen ta igiyarsa ta nufi ƙofa. Na ce ina za ki? Ta ce, "Motar shara ba ta wuce ba tukuna. In wannan ne zai raba ni da 'yata, gara bayan ya karye." Auta, ni da na daɗe ina masa fatan wuta, ni na tare ƙofa na rungume shi. Tana ja ina ja, mai shagon takalma ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofa yana tambaya ko lafiya. Na ce, "Mama, Auta ce fa ta aiko." Ta ce, "Au, yanzu kika sani?"

Ta koma ta kwanta a kansa, a miƙe, yadda kika ce, ta baza hannuwa. Can ta ce, "Kawo hannun." Na ce wane hannu? Ta ce kada in raina mata hankali. Ta ce in ɗauko kwalbar mai. Tana kwance tana kallon rufi, ta kama babban yatsana tana murzawa a hankali, ba irin tawa dannar ba. Ba ta kalle ni ba. Muna nan sai ta ce, "Uwarki ma haka yatsanta yake, gajere mai taurin kai." Ta ci gaba daga nan, har duhu ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Na aika wa masana'antar cewa su nemi wani.

Yanzu ga naki. Na ce miki tana masa magana in ina shara, ban gaya miki abin da take cewa ba. Ina ji sarai, ƙyashi ne ya hana ni rubutawa. Ba da soso take magana ba, da ke take. Tana tambayarki ko kin ci abinci, ko takalmin aikin nan ya daina matsa miki, ko masu ɗakinku suna da kirki. A kan hoton nan da kika turo ma ta yi miki faɗan rama kamar kina gabanta. Rannan na ji ta ce, "Ba na iya daɗewa da ke a waya, Auta, murya ce ke ƙin tsayawa, kuma ba na so ki ji." Shi ya sa take miƙo min. Kalma da kalma ke nan, tunda haka kike so.

Kada ki ɗauka na shirya da shi. Har gobe in na ga shuɗin yadin nan a jikinsa sai raina ya sosu, kuma ta ce ko guntun da ya rage ba za ta ba ni ba, wai za ta yi masa ta canji. Amma yamma ta dawo mana. Ita a kansa, hannuna a nata, wuri ɗaya ne ya rage a kan bargon, ta wajen hagu.

Ba ƙaramin na hannu muke so ba, kada ki sake kwanciya a shagon mutane. Ki nemi hutun nan da kika ce, ki bar ashana a can. Kullum sai ta kira sunanki a ɗakin nan, kuma soso ne ke amsawa. Ki zo ki karɓi abinki.

Yayarki